Yadda na yi wa Kawuna makaho bayanin zanen yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u

Ƙarshen watan Oktoban 2022 ne, ranar wata Juma'a da la'asar na je gaida Kawu, na same shi kan tabarma da rediyonsa a cinya kamar kullum, ko gama gaisawa ba mu yi ba yace "Uwata, wai wane irin hoto ne wannan da har mutum da hankalinsa zai shafa gam a kai ya je ya manna da shi?" Labarin da ya ji shi ne na wasu masu fafutukar sauyin yanayi da suka shiga gidan adana zane-zane na Mauritshuis a birnin Hague na ƙasar Holan ranar 27 ga watan, ɗaya ya manna kansa a gilashin da ya rufe zanen Johannes Vermeer, ɗayan ya kwara wa abokin nasa wani jan abu kamar miyar tumatir. Zanen bai yi komai ba, gilashi ya tare. Amma shi Kawu ba rigimar ce ta dame shi ba, so yake ya san me ke cikin hoton.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, sunan kakata aka sa min shi yasa yake ce min Uwata. Malamin firamare ne, hawan jinin ido ne ya dinga cin ganinsa a hankali a hankali har wajen 2004 ya rufe gaba ɗaya, lokacin yana da shekara arba'in da 'yan kai. Kenan ya san launi, ya san fuska, ya san yadda inuwa take kwanciya a gefen hancin mutum in fitila na gefe ɗaya. Kuma ba ya son a dinga yi masa kewaye-kewaye da "mai lalurar gani", yace shi makaho ne a faɗa kawai, ba zagi ba ne. Ni dai nakan yi amfani da duka biyun don na san akwai waɗanda kalmar take sosa wa rai.

Na ciro waya na nemo hoton, nace "Kawu wata kyakkyawar baturiyar yarinya ce, ta ɗaura ɗankwali, ga ɗan kunne, tana kallon mutum kamar tana cikin damuwa." Ya yi shiru yana jira, da ya ji ban ƙara komai ba yace "Shikenan? Ai rabin 'yan matan duniya kika faɗa min. Kuma damuwar nan ita ce ta gaya miki?"

Maganar nan ta tsaya min a rai har na koma gida. Don in an duba, a cikin abin da na faɗa kusan babu abin da zai iya riƙewa. "Kyakkyawa" ba bayani ba ne, hukunci ne, ni na kalla na yanke na miƙa masa sakamakon. "Damuwa" ma haka. Mai ido in ya tsaya gaban zanen nan ba wanda yake ce masa ga abin da za ka ji, shi zai kalli bakin da idon ya ce tsoro ne ko mamaki ko jiran magana, ya yi gardama da na kusa da shi in ya ga dama. Ni kuma na ƙwace wa Kawu wannan damar ban ma sani ba, kuma wallahi haka muke yi musu kullum a gida da kasuwa da asibiti, mu gani mu yanke mu faɗa musu ƙarshen zancen.

Sai na ce bari in gyara, na kwana ina karatu, washegari na tura masa saƙon murya na minti bakwai. Na gaya masa Vermeer mutumin garin Delft ne, an haife shi 1632 ya mutu 1675 yana da shekara 43 da bashi a kansa, zanensa da suka rage a duniya ba su kai arba'in ba. Wannan ɗin wajen 1665 ya yi shi. Na gaya masa a 1881 an yi gwanjonsa a Hague, wani mai suna des Tombe ya saye shi gilda 2 da santi 30 a kuɗin Holan na lokacin don ya yi dauɗa ba a gane na waye ba, da ya mutu a 1902 ya bar wa Mauritshuis shi a wasiyya. Na ji daɗin kaina sosai da saƙon nan. Amsarsa ta zo bayan isha'i: "Allah Ya yi miki albarka Uwata, tarihin ya yi daɗi, amma tuwo na tambaya kin kawo min labarin gona. Har yanzu ban ga yarinyar ba."

To a nan ne na daina turawa daga nesa, ranar Lahadi na koma na zauna kusa da shi, nace Kawu kai za ka dinga tambaya ni ina amsawa. Kafin in zo na yanki kwali daidai girman zanen, tsawo santimita 44 da rabi, faɗi 39, na ɗora masa a hannu. Ya shafa gefe da gefe yace "Au, ɗan wannan ne? Ni na ɗauka ya kai ƙofa." Ashe duk kwanakin nan wani ƙaton abu yake ginawa a ransa saboda yawan surutun da ake yi a kai. Tun daga ranar na riƙe cewa girman abu yana cikin farkon abin da za a faɗa, kuma lamba kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da abin da hannu ya sani, kamar a ce ya kai faifai babba ko allon ɗan makaranta.

Tambayarsa ta farko: ina ta fuskanta? Nace hagu. Yace hagun wa, naki ko nata? Nan na daburce, don jikinta ya juya wajen hagun mai kallo, amma kafaɗar da ta waigo ta kanta ta hagunta ce ita, in ka ce "hagu" kawai ka haɗa abu biyu. Da naga magana za ta yi tsawo sai nace Kawu zauna yadda kake kar ka motsa, na tashi na koma ta gefen hagunsa na tsaya daidai kafaɗarsa, nace to yanzu kamar na kira sunanka, ka waigo da kai kawai ban da jiki. Ya waigo. Nace ɗan sassauta baki kaɗan, kar ka buɗe sosai. Ya yi. Nace to haka take. Ya tsaya a haka ya kai rabin minti, wuyansa a karkace, hularsa ta ɗan zame, sannan yace a hankali "Wannan ai ba zaman ɗaukar hoto ba ne. Ba a daɗewa a haka, wuya zai gaji. Kiranta aka yi." Ban gaya masa wannan ba, jikinsa ne ya gaya masa. Daga baya na ga ashe ƙungiyar Art Beyond Sight ta birnin New York, wadda aka kafa tun 1987 don kai wa makafi zane-zane, tana cikin shawarwarinta a sa mai sauraro ya kwaikwayi tsayuwar wanda aka zana.

Ɗankwalin ya ɗauke mu lokaci, kuma nan ne Hausa ta taimake ni. Turawa rawani suke ce masa, a da ma da sunan yarinya mai rawani aka san zanen, amma in na ce wa Kawu rawani zai hango naɗin hakimi ne har da amawali. Abin da ke kanta ƙyalle biyu ne: shuɗi ta naɗe goshi da shi tam ya rufe gashi duka, ko sili ɗaya ba a gani, sannan ruwan ɗorawa a can saman kai an ƙulle shi, jelarsa ta sauko ta baya har wajen kafaɗa. Yace "kamar mace ta yi ɗaurin aiki ta bar jela?" Nace kusan haka, sai dai ba irin ɗaurin matan Holan na lokacin ba ne, kayan baƙi ne aka sa mata. A nan tarihin da ya ƙi karɓa ranar Asabar ya samu wajen zama, don yanzu shi ya tambaya: to wacece? Nace ba a sani ba, kuma masana sun ce ba hoton wata takamaimiya aka yi niyya ba, irin zanen da mutanen Holan ke kira tironi ne, a zana kai da fuska da tufafin ban mamaki don nuna gwaninta. Yace yawwa, yanzu maganar ta shiga. Tarihin nan dai shi ne na ranar Asabar, bai canja ba, wurin da aka ajiye shi ne ya canja.

Hasken daga hagun mai kallo yake zuwa, ya haske goshi da kunci da leɓen ƙasa, ɗaya gefen fuskar wajen kunne ya shiga inuwa. Babu layin da ya raba karan hancinta da kuncin da ke can gefe, sun narke cikin juna. Girarta kusan ba a gani. Leɓenta ja ne da ɗan danshi, akwai ɗigon haske a kusurwar bakin. Riga ruwan ƙasa mai kauri, da farar kwala ta leƙo a wuya. Bayanta kuwa duhu ne, ba taga ba bango ba kujera. Na gaya masa binciken da gidan ya yi a 2018 da na'urori, aka fitar da sakamakon a 2020, ya nuna asali koren labule ne a bayan, an haɗa shi da shuni da wani rini rawaya, shekaru suka cinye launin ya koma baƙi-baƙi. Da ya ji shuni sai ya gyara zama, yace baba dai irin ta marina? Nace irin wannan rinin dai. Ya yi ta mamaki, ya ba ni labarin yadda yake raka babansa Ƙofar Mata yana yaro, hannun marina shuɗi har gwiwar hannu. Shuɗin ɗankwalin kuma ba shuni ba ne, dutse ne mai tsada daga Afganistan ake daka shi.

Sai ɗan kunnen, wanda shi ne ya fi ba ni wahala kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Na buɗe hoton na ja shi da yatsa biyu har ya cika fuskar wayar, sai naga babu ɗan kunne. Wallahi babu. Babu zagayen da aka zana, babu ƙugiyar da ta riƙe shi a kunne, abin da ke wurin ɗigon farin fenti ne mai kauri a sama ta hagu, da wani shafi mai laushi a ƙasa wanda hasken farar kwalar ne ya dawo, tsakiya kuma kusan launin inuwar wuyanta ne. Ido ne yake haɗa sauran ya ce ga lu'ulu'u. Har wani masanin taurari ɗan Holan, Vincent Icke, ya rubuta a 2014 cewa ƙyallin ya fi kama da gogaggen ƙarfen kuza, ba lu'ulu'u ba.

To me zan ce wa Kawu? In na ce babban lu'ulu'u ne, na faɗi abin da kowa yake gani amma na ɓoye masa abin da ya sa ake jinjina wa mai zanen. In na ce ɗigon fenti biyu ne, na faɗi gaskiyar abin da ke kan ƙyallen amma na hana shi abin da mai ido yake samu a kallon farko. Na faɗa masa matsalar yadda take. Yace "To me ya hana ki faɗa min duka biyun? Ki fara da abin da ido ya ce, sannan ki ce min ido ƙarya ya yi. Ai ni ma ina so a ruɗe ni kamar kowa, sannan a warware min." Ina ganin a duk zaman nan babu abin da ya kai wannan amfani. Mai bayani yana da son ya share hanya ya cire duk wani ruɗani don tausayi, alhali wani lokacin ruɗanin shi ne zanen.

Da na rubuta komai a takarda Kawu yace kar in yarda da shi kaɗai, shi ya taɓa gani, in kai wa 'yar maƙwabcinsa da aka haifa ba ta gani, tana jami'a yanzu, Baba Malam take ce masa ni kuma Anti. Don ita na yi wani rubutun daban, na cire launuka duka, a tunanina me shuɗi zai yi mata, inda ban cire ba kuma na sa "shuɗi, mai sanyi kamar ruwan randa". Ta saurara har ƙarshe tace "Anti ina launin? Ni nake zaɓen atamfata fa. Na san shuɗi da rawaya in sun haɗu suna ɗaukar ido, na san jan baki a farar fuska yana fitowa, tun ina yarinya nake jin ana faɗa. Ki faɗi launin kawai, ruwan randar nan ki bar shi." Na mayar da launukan. Ta kuma ce in faɗi farar fata ce kai tsaye, tunda da baƙa ce ai da na faɗa.

Ita ce kuma ta nuna min ɓangaren waya. Manhajar da ke karanta mata allo, irin su TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone, in ta iso kan hoto abin da aka rubuta a gurbin bayanin hoton take karantawa, in ba a rubuta komai ba sai ta ce hoto ta wuce, ko ta yi ɗan hasashe irin na na'ura. Ta kunna min naji muryar tana gudu kamar an saki famfo, ban kama ko kalma ɗaya ba, ita kuwa tana ji tana dariyar saƙon ƙawarta. Tace "Anti a rana ina wuce hoto ya fi ɗari, in kowanne za a yi min karatun minti uku yaushe zan gama? Ki ba ni layi ɗaya tukunna, in ya ja ni ni zan nemi dogon." Muryar wayarta ta Turanci ce, Hausa a karkace take fitowa, don haka tace in rage dogayen jimloli in dinga sa aya, kuma kar in cika alamomin dariya da furanni don kowanne sai an karanta mata sunansa.

Wannan rabon gida biyu, gajere da dogo, shi ne manyan gidajen zane ma suka tsaya a kai. Gidan zanen zamani na Chicago ya fara a 2015 da wata manhaja mai suna Coyote da suka gina tare da Sina Bahram, masanin kwamfuta wanda shi kansa makaho ne, ma'aikatan gidan suna rubuta wa hotunan bayani ana dubawa kafin a saka. Cooper Hewitt na New York ya fitar da nasa ƙa'idojin a 2019. Gurbin rubutun kuma yana hannun kowa, Twitter ta saka shi a 2016, Instagram a 2018, Facebook ma akwai, mu ne dai ba ma cikawa.

Ga gajeren da muka tsaya a kai mu uku: Zanen fenti. Yarinya farar fata ta waigo ta kafaɗarta ta hagu tana kallon mu, da ɗankwali shuɗi da ruwan ɗorawa, da babban ɗan kunne mai ƙyalli, bayanta duhu.

Dogon kuma: Zanen Johannes Vermeer ne na wajen 1665, fentin mai a kan ƙyalle, girmansa kamar babban faifai. Yarinya ce daga kafaɗa zuwa sama, ita kaɗai, bayanta duhu ba komai. Jikinta ya fuskanci hagun mai kallo, ta waigo da kai, idanunta manya suna kan mu. Bakinta a ɗan buɗe, leɓen ja da danshi. Shuɗin ƙyalle ya naɗe goshinta ya rufe gashi, ruwan ɗorawa ya ƙullu a sama, jelarsa ta sauka ta baya. Rigarta ruwan ƙasa ce da farar kwala. Haske ya zo daga hagu ya haske fuskar, gefen kunne yana inuwa. A cikin inuwar nan wani babban ɗan kunne yake ƙyalli kamar lu'ulu'u. In an matso kusa, babu ƙugiya babu zagaye, ɗigon farin fenti ne a sama da shafi mai laushi a ƙasa.

Babu kyakkyawa a ciki, babu damuwa. Na so in sa "kamar za ta yi magana", 'yar maƙwabcin tace a'a, bakin a buɗe ya isa. Kuma da aka bar musu sai ga shi sun rabu: Kawu yace kiranta aka yi ta waigo za ta amsa, ita kuma tace sam, tafiya za ta yi, wannan kallon ƙarshe ne kafin ta juya, shi yasa jelar ɗankwalin take baya. Suka yi ta yi har aka kira magariba, ni ina zaune da kwalina a hannu ba wanda ya tambaye ni ra'ayina.

Da zan tafi Kawu ya laluba aljihu ya ciro naira ashirin ta leda, ya miƙo min yace ba kuɗin mota ba ne. Yace gaban ya sani, Murtala ne, ya ga fuskarsa a tsohuwar takardar shekara da shekaru. Amma wannan ta ledar a 2007 ta fito, bayan idonsa ya rufe, an ce masa a bayanta akwai Ladi Kwali tana ginin tukunya, shekara goma sha biyar yana kashe ta bai san yadda matar ta zauna ba, bai san ina hannunta yake a jikin tukunyar ba. Na ajiye jakata na koma kan tabarmar, na juya takardar wajen hasken ƙofa, nace to Kawu tambayi.